Ƙararrawar Fijon Baba

Fijon da Baba ya bar mini tana da ƙararrawa a ciki.
In gudu ya wuce kima sai ta yi tsiwa, ƙirrr,
shi kuma ya ɗaga ƙafa a hankali
kamar yaron da aka kama da hannu a tukunyar miya.

Bana ta rikice.
Ina tsaye cik a cunkoson Taminus tana ihu,
masu dankali da kabeji suna leƙo ni.
Na gangara Hawan Kibo, allura tana rawar mazari,
ita kuwa tsit, ko tari.

Sai Farin Gada, rumfar Oga Chuwang mai wayarin.
Ya kasa kunne, ya yi tsaki, ya ce,
"Hajiya, in datse wayar mana, kowa ya huta?"
Na ce a'a.
Wanda ya shekara talatin yana yi maka faɗan gaskiya
ba a yanke masa harshe don ya tsufa ya fara ruɗewa.

Ya fara da fis. Lafiya lau.
Ilu yaronsa ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi,
ya kwance kebul daga giyabos,
ya zaro shi baƙi, busasshe kamar jelar ɓera.
Aka wanke da kananzir, aka shafa giris,
allura ta daina rawa.
Ƙararrawa tana nan da bakinta.

Aka bi waya ja, aka bi baƙa
har inda take manne da ƙarfen mota,
tsatsa ta ci bakinta, aka kankare, aka ɗaure.
Na murɗa makulli. Ƙirrr.
Ilu ya yi dariya, ogansa ya harare shi.

Ruwa ya kece da ƙanƙara a kan kwano,
ba mai jin maganar wani.
Chuwang ya cire agogon gudun dungurungum,
kusoshi huɗu ya zuba a gwangwanin madara,
ya sa tabarau mai ƙafa ɗaya,
ya buɗe bayansa kamar mai fasa ƙwai.

Ashe wani ɗan harshen tagulla ne a ciki,
in allura ta iso gare shi, su taɓa, ta yi ƙara.
Ya karkace, ya kwanta a inda bai kamata ba.
Kusa da shi, ga tsinken ashana,
ya ruɓe, ya karye biyu.

"Wannan ba aikin kamfani ba ne," in ji Chuwang.
"A ɗari da ashirin suka sa ta.
Wani ne ya janyo ta baya, ya tokare a tamanin.
Dubi shaidar, tsohon aiki ne."

Na yi shiru ina ƙirga shekaru.
Damina ce irin wannan, na gama makaranta,
Baba ya miƙo mini makulli a filin Polo
ya ce, "Kada ki ji tsoro, Ladidi, motar ta san iyakarta."
Da yamma na gan shi, kansa a ƙarƙashin sitiyari,
ashana a baki, wai rediyo yake gyarawa.
Shi da bai taɓa shan taba ba.

Shekara nawa ina alfahari
ban taɓa kai ɗari da ashirin ba sai na ji ta na sassauta.
Ashe ko kusa ban je ba.

Ruwa ya tsagaita.
Chuwang ya riƙe harshen da bakin filaya,
ya dube ni ta saman tabarau.
"A ina zan tsayar da ita, Hajiya?"

Ɗiyata Hansatu ta fara tambayar ina kuloci, ina birki.
Na ce, "Ilu, ungo, je wajen mai shayi,
sayo mana ashana."